Laraba a Samaru, ni da ureq

Tun bayan azahar nake ɗaki ina fama da wani ɗan furogiram da nake rubutawa da Rust, wani yaren rubuta furogiram. Ba wani abin a zo a gani ba ne, so nake kawai kullum da safe ya tambayi Open-Meteo, wani shafin intanet mai hasashen yanayi, yanayin Zariya, ya buga min zafin ranar a allo, shikenan.

Aika tambayar ta intanet sai da laburare, wato kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta, irin su ureq da reqwest. Da farko reqwest na ɗauko don shi kowa ke ambata, sai na ga misalan duk async ne, wato salon da furogiram ke ci gaba da wani aiki maimakon ya tsaya jiran amsa, sa tokio, laburaren da ke tafiyar da shi, sa kalmar await nan sa can, da na buga cargo build don a harhaɗa furogiram ɗin kuwa laburare suka yi ta sauka kamar ba za su ƙare ba, datata na tafiya ina ji ina gani, fankar laftof sai huci take. Na ce kai, duk don tambaya ɗaya?

Abokin zamana ya leƙo ya ce "Malam, async fa ake yayi yanzu." Na ce masa in ka je wurin mai shayi ka ce a haɗa maka kauri, ba tsayawa kake ka jira ba? To ni ma kofi ɗaya nake so. Mai hidimar mutum ɗari lokaci guda shi ke da buƙatar async. Gaskiya reqwest ma yana da ɓangaren blocking, wato mai tsayawa ya jira amsa, amma tokio ɗin na nan a ƙarƙashi, don haka na koma ureq.

Wallahi layi kaɗan ne. cargo add ureq, sai ureq::get da adireshin Open-Meteo, na sa 11.1 da 7.7 wato inda Zariya take a taswira, sai .call(). Furogiram ya tsaya cak yana jira, can sai ga JSON, wato tsarin rubutun da amsar ke zuwa a ciki, ya cika allo. Har tafi na yi ni kaɗai.

Inda na sha wuya laifina ne. Na yi kuskuren harafi ɗaya a adireshin, saba, wato kwamfutar Open-Meteo, ta dawo da 404, lambar da ke nufin ba a samu abin da aka nema ba, ashe ureq kuskure yake ɗaukarsa kai tsaye, ni kuma unwrap, mai kashe furogiram da zarar an samu kuskure, na zuba ko'ina saboda ƙiwa, furogiram ya fashe. Na mayar da shi match, inda nake faɗa masa abin da zai yi in an samu kuskure. Gab da magariba kuma netwok ya yi halinsa, abu ya maƙale shiru ba amsa ba kuskure, na ɗauka kwamfutar ce ta daskare. Sai da na sa masa iyakar jira, sakan 10, in ba amsa ya haƙura ya faɗa min.

Yanzu an ɗauke wuta, batir saura 14. Gobe zan ciro lambar zafin daga JSON ɗin da laburaren serde, yanzu dai bari in je in samo ƙosai kafin ya ƙare.