Takardar da na yaga

Jiya na miƙa mabuɗan ofis, bayan shekara tara a sashen zane na maɗaba'armu. Ina kwashe kayana daga durowa, amma hankalina na kan wata takarda da na yaga da hannuna shekara huɗu da suka wuce.

A lokacin an kawo mana wata yarinya koyon aiki. Ran nan muna buga bangon wani littafi sai inji ya goce, shuɗi ya hau kan ja da abin da bai fi kaurin farce ba. Haruffan suka fito da inuwa, sai ka ce ana kallonsu a ƙarƙashin ruwa. Kowa a cikinmu ya san makomar irin wannan bugu, kwandon shara. Ita kuwa ta tsamo guda ɗaya, ta share shi da gefen hannu, ta kawo mini tana murmushi. Ta ce, "Yallaɓai, duba wannan. Me zai hana mu yi bangon haka da gangan?"

Ko kallo na biyu ban yi masa ba. Na yaga shi a gaban mutane, na ce mata nan wurin aiki ne, ba wurin wasan yara ba. Ta sunkuyar da kai ta koma kujerarta. Daga ranar ba ta sake kawo mini wata shawara ba, duk abin da aka ce ta yi shi take yi, ba ƙari ba ragi, har ta gama wa'adinta ta tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar ba tawa ba ce, ta ogana ce. Shekara biyar na yi ina jin "ba haka ake yi ba" daga bakinsa, sau da yawa tun kafin ya gama buɗe fayil ɗin. Ya kashe mini zuciya har na koma ina kashe ta wasu. Har yau ban ga dalilin da zai sa a ɗora mai irin wannan hali a kan masu zane ba.

Kuma a jikin kwamfutar da nake zaune gabanta ranar akwai ƙananan takardun nan masu mannewa da ake kira Post-it. Daga baya na san asalinsu: a 1968 wani masanin sinadarai a kamfanin 3M, Spencer Silver, ya samar da gam mara ƙarfi, wanda yake kamawa kuma ya saki. Bai zubar ba, ya yi ta yawo da shi cikin kamfanin yana nuna wa abokan aiki, sai a 1980 takardun suka bazu a kasuwa. Shekara goma sha biyu ana haƙuri da abin da ya yi kama da kuskure. Ni minti ɗaya ban ba yarinyar nan ba.

Bayan tafiyarta na ware durowa guda don bugun da ya fito da wani abu baƙo, na kuma hana kaina cewa a'a kafin in kwana da abu. Bango uku da aka fi yaba mini a shekarun nan daga durowar suka fito, ogan ma bai taɓa sani ba.

Na bar wa wanda ya gaje ni durowar cike, na roƙe shi kada ya bari a zubar. Ita kuma na rubuta mata saƙon neman gafara tun makon jiya, ina nan ina jiran amsarta.