Godiya ga waɗanda suka kai ɗauki ranar da ƙaramin jirgi ya kife

Assalamu alaikum. Mu matuƙa da makanikan ƙananan jirage da ke amfani da filin ciyawar nan na bayan garin Kaduna, tare da iyalan 'yan'uwanmu biyu da haɗarin safiyar Asabar ya rutsa da su, muna miƙa godiya ga jama'a. Dukansu suna nan da rai, alhamdu lillahi. Matuƙin ya samu karaya a kafaɗa, abokin tafiyarsa kuma an yi masa ɗinki a goshi an sallame shi.

Godiyarmu ta farko ga manoman da ke gyaran masara a ƙarshen filin. Jirgin, Cessna 172 mai kujera huɗu, ya zarce iyakar fili, tayar gaba ta caki kunya, ƙafarta ta karye, hanci ya nutse a laka, sai wutsiya ta tashi ya kife. Idan jirgi ya kife, mutum yana rataye ne da bel, kai ƙasa. Hannun mai taimako maɓallin bel yake fara nufa, kuma a nan ake ɓarna, don da zarar bel ya saki, nauyin jiki gaba ɗaya kan wuya yake sauka. Dattijon da ya fara isa wurin bai yi wannan garajen ba. Ya sa samari biyu sun tallabi kafaɗun matuƙin, wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa, sannan aka ɓalle bel aka zare shi a hankali. Haka aka yi wa na biyun. Baba, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuriya.

Muna gode wa mai unguwa, ranka ya daɗe, da 'yan sintirinsa, da suka tura jama'a baya suka hana kunna taba, suka sa masu babura kashe inji tun daga nesa. Tankunan wannan jirgi a cikin fukafukai suke, suna cin lita 200 da 'yan kai, kuma da ya kife man ya riƙa ɗiga. Shuɗin ruwan da wasu suka gani a kan ciyawa man jirgi ne, rina shi ake yi, kuma saurin kamawarsa irin na fetur ne. Matuƙin ya samu ya rufe mai ya kashe babban makunnin batir kafin a fito da shi, amma ko da hakan, hana yara taɓa farfela da aka yi daidai ne. Wutar filogin irin wannan inji ba daga batir take zuwa ba, daga magineto ne, wato ɗan janareta da injin kansa ke juyawa, in waya ɗaya ta tsinke a haɗari, juya farfela da hannu kaɗai na iya sa inji ya buga.

Mai motar da ya sauke kayansa ya shimfiɗa katifa, da ma'aikatan asibitin da suka karɓe su ba tare da jan rai ba, mun gode.

Mutane da yawa sun tambaya yadda jirgi lafiyayye zai kasa tsayawa a fili mai tsawon mita 600. Yanke hukunci kan musabbabi aikin hukumar NSIB ne, wadda doka ta ɗora wa binciken haɗuran sufuri, ba za mu riga malam masallaci ba. Amma lissafin sauka a ciyawa ba ɓoyayye ba ne. Irin wannan jirgi, a kan busasshiyar kwalta daidai da bakin teku, yana bukatar kusan mita 400 daga tsayin mita 15 har ya tsaya cak. Ƙa'idar da hukumar jiragen sama ta Birtaniya ke ba matuƙan ƙananan jirage ta ce a ƙara kashi 15 cikin 100 in ciyawa busasshiya ce, kashi 35 in jiƙaƙƙiya ce. Mita 400 ta koma 540 ke nan. Kaduna tana sama da teku da kimanin ƙafa 2,000, iska ta fi sirantaka, kowace ƙafa 1,000 kuma tana cin kashi 5, an doshi 600. In kuma iska tana turo jirgi ta baya, ko da ta kilomita 11 ce a awa, wadda da ƙyar za ta kaɗa riga, sai a ƙara kashi 20. An haura 700, fili ya ƙare tun a takarda.

Ciyawa mai raɓa ko wadda ta sha ruwan dare ta fi yaudara, musamman sabuwar yanka. Ana taka birki taya ta kulle, jirgi ya dinga sulɓi kamar an zuba karkashi. Ƙarin gudu ma haka: saurin sauka bai kamata ya wuce kilomita 110 zuwa 120 a awa ba, wanda ya ɗara sai jirgi ya yi ta shawagi dab da ƙasa yana cinye fili. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi cewa in bai taɓa ƙasa a kashi ɗaya cikin uku na farkon fili ba, ya ba inji wuta duka ya tashi ya sake zagayowa. A ganinmu, jin kunyar fasa sauka ya fi suri da ramin gafiya karya jirage.

Godiya ta musamman ga matasan da suka kwana gadin jirgin cikin sauro, ba a ɗauki ko ƙusa ɗaya ba, ba a kuma tattake sawun tayoyin ba. Daga wannan sawu ake auna inda jirgi ya fara taɓa ƙasa da inda birki ya kulle.

Mai gonar da aka ɓata wa masara ya ce ya yafe, amma za a kimanta a biya shi ta hannun mai unguwa. Filin yana rufe, an shimfiɗa farar alamar X a bakinsa biyu, sai an cike ramuka an gyara magudanar ruwa an sauya yagaggen buhun nuna iska. Muna roƙon makiyaya su ci gaba da bi da shanu ta gefen arewa, wanda kuma ya tsinci wani ɓallin jirgin a gona, komai ƙanƙantarsa, ya kai gidan mai unguwa ya faɗi inda ya same shi.