Farashin dala a waya da farashinta a Wapa

Ni nake riƙe da littafin lissafi a shagon yayana da ke Kantin Kwari, kuma da yake yawancin yadin da muke sayarwa daga ƙasar Sin yake zuwa, duba farashin canji ya zama cikin ayyukana na kullum. A shekarun baya sai an aiki yaro Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ko a kira ɗan canjin da aka saba da shi, kafin a san yadda dala ta kwana. Yanzu kowa yana da adadin a aljihunsa, tun daga mai odar kwantena har zuwa ɗan dako, kuma ina ganin wannan ci gaba ne na gaske, domin ya rage cutar da ake yi wa wanda bai sani ba. Abin da yake damuna shi ne yadda mutane da yawa suke ɗaukar duk lambar da waya ta nuna musu a matsayin farashi, ba tare da sun tambayi kasuwar da ta fito ba.

Idan mutum ya rubuta dala zuwa naira a Google, ko ya buɗe manhaja irin XE ko Wise, abin da zai gani shi ne farashin tsakiya, wato wanda ya faɗo tsakanin na saye da na sayarwa a hada-hadar manyan bankuna. Babu ɗan canjin da zai ba ka kuɗi a kan wannan adadi, domin shi farashi biyu ne a bakinsa, wanda zai karɓi dalarka da wanda zai sayar maka, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce abincinsa. Tazarar naira 10 tana iya zama kamar ba komai ba, amma a kan dala 5,000 ta zama naira 50,000. Ga kuma ranakun Asabar da Lahadi, lokacin da kasuwar bankuna take rufe: lambar da ke manhaja ta ranar Juma'a ce, alhali a Wapa ana ci gaba da ciniki.

Wanda ya ga abin da ya faru kafin watan Yunin 2023 ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A lokacin farashin gwamnati yana wajen naira 460, shi ne kuma manhajojin waje suke nunawa, amma a kasuwar bayan fage dala ta haura naira 700. A ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin wuri guda ya bar kasuwa ta yi halinta, kuma zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,800 a hannun 'yan canji. Tazarar da ke tsakanin kasuwannin biyu ta ragu ƙwarai daga baya, shi ya sa adadin waya ya fi kusa da gaskiya a yau fiye da da, amma kusa da gaskiya daban, farashin da za ka biya daban.

Su kansu wuraren da ake duba farashin bayan fage ba su da tabbas. A Satumbar 2021 shafin abokiFX, wanda kusan kowa yake dogara da shi, ya dakatar da wallafa farashi bayan Babban Banki ya zarge shi da juya kasuwa. A farkon 2024 kuma, lokacin da matasa suka koma kallon farashin USDT (kuɗin intanet da aka ɗaure da dala) a dandalin Binance a matsayin ma'auni, kamfanin ya rufe hada-hadar naira bayan takaddamarsa da gwamnati. Abin da ya cike gurbin shi ne hotunan da ake turawa a WhatsApp, kuma su ne na fi jin tsoro, domin hoton da ba ya ɗauke da rana da lokaci yana iya zama na makon jiya, yana kuma iya zama na wanda yake so a firgita a kawo masa kuɗi da gaggawa.

Akwai wani ilimi ɗan kaɗan da nake ganin ya fi yawan manhajoji amfani, kuma na'urar lissafin da ke kowace waya ta isa a yi aiki da shi. Wasu kuɗaɗen a ɗaure suke da wasu, ba su motsi da kansu. Riyal na Saudiyya yana kan 3.75 a dala ɗaya tun 1986, dirhamin Dubai yana kan 3.6725, ita kuma sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957 tun 1999. Saboda haka idan ka san farashin dala na gaskiya a Wapa, ka san na riyal. A ce dala tana naira 1,500, to riyal ya kamata ya kasance wajen naira 400, dirhami kuma wajen 408. A ce yuro yana naira 1,700, to jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, za ta kama kusan naira 2,590. Idan maniyyaci ko mai zuwa Umara ya ji an faɗa masa abin da ya yi nisa da wannan lissafi, yana da hujjar tambaya, ko da yake a lokacin aikin Hajji bukatar takardar riyal tana ƙaruwa, haka ma sefa takan yi nata farashin a Jibiya da Illela da Maigatari gwargwadon kayan da ke shiga da fita. Yuwan na Sin ba ya cikin wannan sahu, kuma farashin da wakilin da ke biya mana kuɗi a Guangzhou yake bayarwa ya riga ya haɗa da ladansa.

Akwai kuma abubuwan da manhaja ba ta gani sam. Takardar dala ɗari mai shuɗin zare, wadda Amurka ta fitar a 2013, ta fi tsohuwa daraja a teburin ɗan canji, ƙananan takardu na dala biyar da goma kuma ana karɓarsu a ƙasa da farashi, duk da cewa a Amurka darajarsu ɗaya. Biyan tsabar kuɗi da turawa ta banki su ma sukan bambanta, kamar yadda aka gani ƙarara a lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023.

Ni dai abin da nake yi shi ne in duba sau ɗaya a rana bayan azahar, lokacin da kasuwa ta zauna, in haɗa adadin manhaja da na mutum biyu da na amince da su a Wapa, in rubuta a bayan littafi tare da kwanan wata. Na kuma saita manhajar ta yi mini ƙara idan farashi ya tsallake wata iyaka. Ba na raina fargabar mai dubawa kowace sa'a, domin maniyyatan 2024 da aka ce su ƙaro kusan naira miliyan 1.9 bayan sun biya kuɗin kujera sun san cewa motsin dala yana shiga har cikin ibadar mutum. Sai dai na ga mutanen da suka sayi dala da tsada a ranar firgici, bayan makonni kaɗan ta sauko ta bar su da asara.

Wannan rubutun na bayan littafi shi ne yake raba gardama a shago. Mai saye yakan miƙo wayarsa ya ce wa yayana, "Alhaji, ai dala ta sauka, me ya sa shaddar ba ta sauka ba?" Wani lokaci amsar ita ce an biya kuɗin kayan tun dala tana sama, kuma sai in buɗe shafin ranar in nuna masa. Wani lokaci kuma mai sayen ne yake da gaskiya, domin kayan da ke gabansa na sabon farashi ne, kuma idan har mun ƙara kuɗi ranar da dala ta hau, ba mu da bakin cewa komai ranar da ta sauka. A irin wannan rana nakan ce wa Yaya mu rage, yawanci kuma yakan rage.