Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jirgin Katako na Long Beach

Makon jiya na tsaya a inda muka sauka Los Angeles a 1984, mu shida da aka tura kwas na gyaran injin jirgi. Masu tambayar shekarun Zariya ku yi haƙuri, zan komo kansu. Yau jirgin katako ne ya tsaya min a rai.

Wata Asabar malaminmu, wani tsohon makanike, ya zuba mu a motarsa sai Long Beach. A bakin teku, dab da jirgin ruwan nan Queen Mary, an gina wata farar rumfa kamar an kife akushi. A ciki jirgin Howard Hughes yake, wani attajirin Amurka. Injina takwas, faɗin fukafukansa ƙafa 320, jikinsa kusan duk katako, domin lokacin yaƙin duniya na biyu an killace alminiyam saboda jiragen yaƙi. Sau ɗaya tak ya tashi, ran 2 ga Nuwamba 1947, Hughes da kansa yake tuƙi. Ya ɗaga kamar ƙafa 70 daga kan ruwa, ya yi tafiyar kusan mil ɗaya, ya sauka. Daga nan ya kulle shi, yana biyan ma'aikata suna kula da shi har ya bar duniya.

Abokaina suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa muryar Inna nake ji: "Alhaji, tara abin da za ka tara, amma ka san wa zai ɗauki makara."

Baffa ta faɗa wa haka, a zaure, ran sadakar arba'in ta Baba, da ya ce rumfunan kasuwa biyu za su zauna a hannunsa sai mun girma. Mun girma. Yau ina da jikoki, rumfunan ba su dawo ba.

Malamin namu ya san tarihin Hughes ciki da bai. Maraya ne shi ma: uwa ta rasu a 1922, uba a 1924, yana ɗan shekara 18 ya gaji kamfanin ƙera haƙoran haƙa rijiyar mai a Houston. Abin da ya fara yi shi ne raba gari da danginsa, ya saye kasonsu. Shi dai biya ya yi. Ya tafi Hollywood ya zuba kuɗi a fim, ya ƙera jirage, a 1938 ya zagaya duniya cikin awa 91. Wannan ni makanike ne, na san ba ƙaramin abu ba ne, kuma har gobe ina sara masa. A 1946 jirgin gwaji ya faɗo da shi kan gidaje a Beverly Hills, ya ƙone, ya kakkarye, daga nan maganin kashe zafi ya kama shi bai sake shi ba.

Shekarar da zan shiga sakandare na je gidan Baffa neman kuɗin kaya. Lokacin ya ƙara tsawon katanga, ya sa ƙofar ƙarfe. Maigadi ya ce Alhaji yana barci. Na zauna a dakali daga hantsi har la'asar, ina jin tarinsa ta taga. Da na koma Inna ba ta ce komai ba, ta cire awarwaronta ta ba Gwaggo ta kai kasuwa. Sai da dare na ji ta a ɗaki tana maimaita zancen makara, ita kaɗai.

Hughes a 1966 ya sayar da hannun jarinsa na kamfanin jirage na TWA, dala miliyan 546, ya shige otal ɗin Desert Inn a Las Vegas, hawa na tara. Da masu otal suka ce ya tashi, ya saye otal ɗin. Shekara huɗu labule a sake, yana tsoron ƙwayoyin cuta, ba ya taɓa abu sai da takardar goge hannu, gashi da farata sun yi zaƙo-zaƙo. Ran 5 ga Afrilu 1976 ya cika a cikin jirgi daga Acapulco zuwa Houston, ya rame har nauyinsa bai wuce kilo 41 ba, sai da zanen yatsa aka tabbatar shi ne. Bai bar ɗa ba, bai bar wasiyyar da kotu ta yarda da ita ba. A 1983 aka raba dukiyar ga dangi 22, irin dangin da ya guda.

Ni ban ga laifinsa sosai ba. Mara lafiya ne, waɗanda ke cin albashinsa kuma suka zuba masa ido. Baffa lafiyarsa ƙalau ya rufe mana ƙofa. Da ya rasu mu ɗin dai muka ɗauki makarar, ni da Yaya a gaba, kafaɗata ta dama.

Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne wannan. Da muka koma masauki a daren nan na tarar da wasiƙar Yaya a ƙarƙashin ƙofa, ta yi mako uku a hanya. Inna ta rasu ran wata Talata, an kai ta bayan azahar. Maƙwabta ne da Yaya suka ɗauke ta. Ni ina California ina koyon kwance inji, da hoton jirgin katako a aljihuna.