Masu cewa "ba abin da zai canza" a ƙungiyoyinmu

Duk wanda ya taɓa riƙe wata ƙungiya a nan Garwa ta arewacin Kamaru, ta adashi ce ko ta matasan unguwa ko grup ɗin WhatsApp na tsofaffin 'yan makaranta, ya san irin mutumin nan. Ana kawo magana a ce mu haɗa kuɗi mu yashe kwata kafin damina ta kankama, ko mu tura wa 'yan uwa taimako kaman yanda aka yi lokacin ambaliyar 2024 da ta cinye Yagwa da Maga da Kusiri, kafin mutum biyu su ce toh shi ya riga ya turo vokal, wato saƙon murya, yana cewa ku dai ku tara wani ya cinye, ƙasar nan ba abin da zai canza, mun gani mun gaji. Sai jikin kowa ya mutu, wanda ya riga ya yi niyyar tura sefa dubu biyu ta Orange Money ma sai ya mayar da wayarsa aljihu.

Da yawa cikin masu riƙe da grup abin da suke yi shi ne su cire shi su huta, ni kam ban yarda da wannan ba. Mutumin nan ba daga sama ya faɗo ba fa. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundere tun 1974 kuma har yau nan ya tsaya, bai ƙaraso Garwa ba balle Marwa. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri an fara aikinta, 'yan Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan Sin a Waza a 2014, aiki ya tsaya, direbobin tirela masu zuwa Njamena suka yi shekaru suna shan wahalarta. Ga kuma wanda aka taɓa cinye masa zubin adashi ko kuɗin rijiyar unguwa ba a ma kawo masa takarda ya gani ba. Wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. In ka kore shi ka dai tabbatar masa da abin da yake faɗa ne, cewa masu riƙe da kuɗi ba sa son tambaya, kuma wallahi akwai mutum goma da suka yi shiru masu tunani irin nasa, su ma ka rasa su.

Abin da na ga yana aiki shi ne a ɗora masa nauyi. A ce masa Malam tunda kai kake tsoron a ci kuɗin, ga littafi, kai za ka dinga rubuta duk wanda ya zuba, kai za ka raka ma'aji sayen siminti, kai za ka ɗauki hoton rasit ka tura kowa ya gani. Mafi yawansu suna karɓa, kuma sai ka ga babu mai tsare kuɗin jama'a kamarsu, don dama abin da ke cinsu kenan. Wanda ya ƙi karɓa kuma ya ci gaba da kashe wa mutane gwiwa, toh jama'a da kansu sun gane shi, ba sai an yi ta mayar masa da martani ana ɓata dare ba.

Kuma mu daina haɗa shi da mai saɓanin ra'ayi, ba ɗaya ba ne. Wanda ya ce a fara gyara famfo kafin kwata, ko ya ce zubin wata ya yi wa masu klando, wato 'yan acaɓa, yawa a rage, wannan yana tare da mu ne, yana so aikin ya yiwu. Yana min ciwo in ga an danne yaro don kawai ya saɓa wa wani Alhaji, a ce masa ba shi da tarbiyya alhali magana mai kyau ya kawo. Shi ma yaron akwai yanda ake magana, ba za ka rubuta wa sa'an babanka "ƙarya ne" a gaban mutum ɗari ba, ka ce Baba a yi haƙuri ni ga yanda na gani, ko ka kira shi ko ka same shi bayan la'asar ku yi ta baki da baki. Rubutu ba ya ɗauke da murya, kalmar da za ka faɗa da murmushi in ka rubuta ta sai ta fito kaman zagi.

Inda ba na sassauci ko kaɗan shi ne in magana ta juya ta koma ƙabila. Garin nan Hausawa da Fulani da Fali da Tupuri da Mundang da Kanuri duk kasuwa ɗaya muke ci, musulmi da kirista layi ɗaya muke bi a asibiti. Mun ga abin da ya faru a Logon Birni a 2021, rigimar ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta Musgum, a watan Disamba ta kai har cikin Kusiri, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi mafi yawa mata da yara. Wanda ya san wannan ba zai bar wani ya rubuta "ai duk 'yan ƙabila kaza haka suke" ya wuce ba. A goge saƙon nan take, a kira shi a ja masa kunne, in ya maimaita a fitar da shi ko ɗan uwan wa ne. Kuma a tuna masa tun Disamba 2019 dokar Kamaru ta sa zagin ƙabila cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu.

Mu a namu grup ɗin in gardama ta yi zafi da dare sai a rufe, admin kaɗai ke iya rubutu har gari ya waye, a ɗaga maganar zuwa taron ranar Lahadi a zauren jauro, wato mai unguwa, mai ƙorafin ma a ba shi lokacinsa ya yi magana amma bayan ma'aji ya karanta lissafi.