Abin da ya raba ni da maigidan gidan motsa jiki

A ƙarshen watan jiya na ajiye aikin horar da mutane a wani gidan motsa jiki da ke Nima, a birnin Accra, kuma tun da abokan sana'a suna ta tambayar dalili, gara in faɗe shi a fili. Saɓanina da maigidan wurin a kan abu ɗaya ne: shi yana so a riƙa gina wa samari ƙirji da damtse kawai, ni kuwa ina ganin duk wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin a motsa masa jiki gaba ɗaya, tun daga ƙafa har kafaɗa.

Lissafinsa na kasuwa ne. Ƙwanji yana saurin bayyana a madubi, saurayi ya gani ya ji daɗi, ya sabunta kuɗin wata, ya kuma sayi garin furotin da ake jerawa a bakin ƙofa. Cinya da ƙugu da gadon baya kuwa ba sa fitowa a hoto, alhali a nan manyan tsokokin jiki suke, kuma tsoka ce take janye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma ƙarfafa dukkan manyan tsokokinsa aƙalla kwana biyu a mako. Ko 'yan damben Bukom, unguwar Accra da ta fitar da tsohon zakaran damben duniya Azumah Nelson, sun san ƙarfin naushi daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, shi ya sa ba sa rabuwa da gudu da tsallen igiya.

Ajina na safe na mata 'yan kasuwa ne da dattawa. A cikinsu akwai wata Hajiya mai sayar da shinkafa da wake wadda ba ta iya miƙewa daga sujada sai ta dafa bango. Na sa ta tsugunawa da miƙewa tana riƙe da kujera, da ɗaga jarkar ruwa daga ƙasa ba tare da ta lanƙwasa baya ba, da jan roba zuwa ƙirji, muna ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Bayan wasu watanni ta zo ta ce mini, "Ɗana, jiya na yi Isha'i ban taɓa bango ba."

A gaban waɗannan mata maigida ya tsaya ya ce mini, "Malam, nan ba asibiti ba ne." Laifina shi ne na ƙi gaya musu cewa bel ɗin ɗaure ciki da yake sayarwa yana narkar da tumbi, domin kitse ba ya barin wuri ɗaya don an matse shi ko an sa shi gumi, yana raguwa ne daga jiki duka idan motsi ya ƙaru, ci kuma ya daidaita. A cikin makon da hakan ta faru ya karɓe ajin da na tara da kaina ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa, wanda bai taɓa tambayar kowa ko yana da hawan jini ba kafin ya ɗora masa ƙarfe. Wannan har yanzu yana ci mini rai.

Darussan da na koya gajeru ne. Mai horarwa ya nemi a rubuta rabonsa a takarda tun ranar farko, kuma kada ya bar sunayen ɗalibansa a littafin maigida kaɗai. Yanzu bayan sallar Asuba nake haɗuwa da nawa a filin Kawukudi, da jarkoki da igiya da tabarma, kuma mafi yawan matan ajin safe can suka biyo ni.