Kwana huɗu a Rochester, garin Kodak

Shekaranjiya na dawo Kano, amma har yanzu ƙarar injin wata tsohuwar kyamara mai ɗaukar hoto mai faɗi tana kunnena.

Gidan George Eastman, wanda ya kafa kamfanin Kodak, shi ya kai ni Rochester a jihar New York. Tun 1949 aka mayar da shi gidan tarihin hoto. Na zaga, na ƙaru. Sai dai abin da ya fi tsaya min a rai a gidan wani dattijo Bature na gan shi. A bakin ƙofa muka haɗu, da ya ji hoto ne sana'ata sai ya ce lallai mu je gida. Wallahi ban zaci irin wannan karamci ba a garin da maƙwabci ba ya gaida maƙwabci.

Kyamarar Cirkut ya fito da ita, ta katako, faɗin fim ɗinta inci 10. A 1904 aka yi wa ƙirarta rajista, a nan garin aka riƙa ƙera ta. Wana ta ake yi kamar tsohon agogo, sai ta kama juyawa a kan ƙafafunta, fim yana wucewa ta bayan wata siririyar tsaga, har ta iya zagayowa inda ta fara. Ya warware min hoton wani taro, ya fi ni tsawo, kowace fuska tar. Ya ce tun wajen 1845 Friedrich von Martens ya gwada ɗaukar hoto mai faɗi a Paris da lanƙwasasshen farantin ɗaukar hoto.

Ni kuwa Hawan Daushe kawai nake hangowa. Shekara nawa muna yanka ayarin dawakai gunduwa-gunduwa, ga abin da zai ɗauke shi tun daga Ƙofar Kudu har ƙarshen taro a hoto ɗaya! Abin ya yi min ciwo.

Washegari a kasuwar gwanjo na samu wata kyamara mai suna Horizont, ƙirar Tarayyar Sobiyet, wadda madubinta kaɗai ke juyawa. Dala 150 mai ita ya ce, na taya 90, ya sallama a 110. Ashe su ma suna ciniki. Abinci ne dai ba arha, shayi kofi ɗaya kuɗin tuwon gida guda.

A filin jirgi wani ma'aikaci ya daka min tsawa don na roƙi a duba fim ɗina da hannu, ya cusa shi cikin na'urar binciken kaya, wadda haskenta kan iya ɓata fim. Jibi zan wanke in gani ko ya tsira.